Laburaren aro a manhajarka: wane kayan bincike ya kamata ka ɗauka?

Laburaren aro shi ne kod ɗin da wasu suka rubuta, kai kuma ka ɗauko ka sa a manhajarka. Kafin ka ciro ko sisi, ka fara gane ciwon da ke damun manhajarka, domin kayan binciken laburare ba aiki ɗaya suke yi ba.

Idan matsalar tarin laburare ne da aka jibga ba a taɓa su, kayan bincike na kyauta ma sun isa. Knip na zaƙulo su a JavaScript da TypeScript, deptry kuma a Python. Masu Java suna da dependency:analyze a cikin Maven, kayan gina manhajar Java. Sai dai a yi hattara: kod ɗin da aka riga aka harhaɗa yake dubawa, don haka direban JDBC, laburaren da ke haɗa manhaja da rumbun bayanai, wanda sai manhaja ta tashi ake loda shi, zai iya cewa ba a amfani da shi. Ka goge shi, ka yanke hanyar rumbun bayananka.

Abin da ya fi damuna shi ne laburaren da ake amfani da shi ba bisa ƙa'ida ba. Ɗauki requests na Python, laburaren aika buƙata ta intanet. Idan ba ka sa masa iyakar lokacin jira ba, zai iya zaman jiran amsa har abada, kuma a inda sabis ke ɗaukewa kullum wannan ba ƙaramin abu ba ne. Bandit na kama wannan kyauta. Semgrep ya fi shi faɗi, tunda da kanka kake rubuta doka a YAML, wani sauƙaƙan tsarin rubuta saituna, da siffa irin ta kod ɗin da kake nema, kuma yana jin harsuna da yawa. CodeQL ya fi su zurfi, yana bin sawun bayanai daga inda suka shigo har inda suka faɗa. Kyauta ne ga buɗaɗɗen kod, wato wanda kowa zai iya gani, a dandalin ajiye kod na GitHub, amma na sirrin kamfani sai an biya da dala, ga kuma harshensa na tambaya da sai an zauna an koya.

Dependabot daban ne. Sigar laburare yake dubawa ya faɗa maka in tana da rauni, irin ɓarakar tsaro da aka gano a Log4j, wani laburaren Java, a Disamba 2021. Bai san yadda kake kiran laburaren ba.

Ni dai ga ƙaramar tawaga, Knip ko deptry tare da Semgrep da Dependabot zan haɗa. CodeQL sai ranar da aka samu mai lokacin rubuta masa tambayoyi.