TLD a Tahoua: ƙwaya guda da ke wuyar bijire wa

TLD, maganin cutar sida da ake bayarwa kyauta a asibitocin gwamnati, haɗin magani uku ne: tenofovir miligram 300, lamivudine 300, dolutegravir 50. Ƙwaya ɗaya kullum, a lokaci guda.

Ya fi tsohon haɗin efavirenz nesa ba kusa ba. Sauyi ɗaya tak a jikin ƙwayar cutar, irin K103N, kan karya ƙarfin efavirenz, kuma mai ɗauke da ita na iya shafa wa matarsa, ita kuma ta shafa wa jinjiri, su fara magani da cutar da ta riga ta bijire. Dolutegravir ba ya faɗuwa da sauƙi haka, yana kuma aiki kan HIV-2, wato nau'i na biyu na ƙwayar cutar sida. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi gaba.

Inda ake tuntuɓe shi ne cin rani. Mutum ya tafi Abidjan da kwalbar wata ɗaya, ta ƙare, ya yi ta tsallake kwana. A nemi ta wata uku kafin tafiya. Zafin Afrilu ma abokin gaba ne: kwalba a rufe, a inuwa, kar a jefar da ƙunshin tsotse danshin da ke ciki.

Mai shan rifampicin na tarin fuka sai ya ƙara dolutegravir miligram 50 awa 12 bayan shan TLD. In za a sha maganin ƙarin jini tare da TLD, a haɗa su da abinci. Wasu masu shan TLD kan yi ƙiba ko rashin barci.

Awon yawan ƙwayar cuta: wata 6 da wata 12 bayan fara magani, sannan kowace shekara. In ya haura 1000 a kowace mililita ta jini, a gyara shan magani, a sake awo bayan wata uku.