Rahoto Zuwa Kaduna: Motar Kwana da Kare a Gaɓar Tekun Ingila da Faransa

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali da yaran shago a Panteka, ga bayanin da ka nema game da motar da ka gani a hoto, wadda ka tambaya ko akwai wani abu a jikinta da ya fi ƙarfin maƙeranmu. Babu shi. Abin da ya fi ƙarfinmu a yanzu yana wajen motar ne, a kan hanya da bakin ruwa da ofishin likitan dabbobi, kuma a kansa zan fi tsayawa.

Motar ta maƙwabcina ce, wani dattijo Bature da ya yi ritaya, wanda idonsa ba ya jure tuƙin dare, shi ya sa ya nemi in raka shi yawon gaɓar teku a watan Nuwamba, mu biyu da karensa. Peugeot Boxer ce, wato magajiyar J5 ɗin nan da ke ɗaukar tumatir da tattasai zuwa Kudu, domin Boxer ce ta maye gurbinta a 1994. An cire kayan baya an sa gado mai naɗewa ya koma kujera da rana, da murhun gas mai kai biyu, da ƙaramin firji, da batir na biyu wanda farantin sola na kan rufi yake caja. Akwai tankin ruwa mai tsabta, akwai wani daban a ƙarƙashi da ke tara ruwan wanke-wanke, sannan masai ɗin akwati ne da ake zaro shi ta wata 'yar ƙofa daga waje. Nauyinta duka bai wuce kilo 3,500 ba, saboda haka lasisin ƙaramar mota ya isa a tuƙa ta.

Dalilin zaɓen lokacin sanyi kuwa kare ne. Ƙananan hukumomi da yawa a Ingila suna hana karnuka shiga manyan gaɓoɓinsu daga 1 ga Mayu zuwa 30 ga Satumba, lokacin da iyalai ke cika yashi da yara. A Cornwall, inda muka fara, an taƙaita hanin a yawancin wurare zuwa watannin Yuli da Agusta, shi ma da rana kawai. Da zarar wa'adin hanin ya wuce sai a sake wa masu karnuka filin, kuɗin ajiye mota ya sauka, wurin da ba a samun matsaya a watan Agusta ya koma kango. Sai dai sakin bai zo da sakaci ba: wanda karensa ya yi kashi a yashi bai kwashe ba yana iya biyan tarar da ta kai fam 100 nan take, in kuma ya ƙi aka kai shi kotu ta kai fam 1,000. Dattijon nan ba ya fita sai da ƙunshin baƙaƙen ledoji a aljihun rigar sanyinsa, kuma a kowace mashiga ta gaɓa akwai kwandon zuba su, wanda ake kwashewa ko da babu kowa a garin sai tsofaffi.

Na san za ka tambayi yadda na yi da sallah da kare a cikin ɗaki ɗaya. Malamanmu na Malikiyya ba su ɗauki jikin kare mai rai a matsayin najasa ba, ko da yake an yi umarni da wanke kwanon da ya sa baki a ciki sau bakwai. Duk da haka raina bai saba ba, don haka sallayata tana cikin akwatin sama da ba ya kaiwa, kwanukansa ba sa haɗuwa da namu, kuma mai shi ya girmama hakan ba tare da na yi dogon bayani ba.

Inda na fi buɗe ido shi ne takardun karen. Tun daga 2016 doka ta wajabta a Ingila a dasa wa kowane kare wata 'yar ƙwayar lantarki ƙarƙashin fatar wuyansa, girmanta bai fi ƙwayar shinkafa ba, ɗauke da lambar da ke haɗe da sunan mai shi a rumbun bayanai. Kafin mu ƙetara Faransa sai da likitan dabbobi ya karanta lambar da na'ura, ya tabbatar an yi wa karen allurar cutar haukan kare aƙalla kwana 21 kafin tafiya, sannan ya ba da takardar shaidar lafiya wadda dole a shiga Tarayyar Turai da ita cikin kwana 10. Wannan takarda ta zo ne a 2021 bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar, kuma kuɗinta ya haura fam 100, abin da dattijon ya yi ta ƙorafi a kai har muka isa Folkestone, garin da ake shiga jirgin ƙetarawa Faransa. Ni kuwa tunanina yana kan karnukan gadi da na mafarauta da ke yawo a Rigasa da Kawo, waɗanda ba wanda zai iya gaya maka ko an taɓa yi musu allura. Ilimin ba baƙonmu ba ne, domin cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom tana nan tun 1924 kuma tana haɗa allurar, ga kuma asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Abin da muka rasa shi ne rajistar da za ta ɗaure kowane kare da wuyan mai shi, yadda idan ya ciji yaro za a san ƙofar da za a buga.

Mun ƙetara ta jirgin ƙasa na ƙarƙashin teku, wanda aka buɗe a 1994. Ana shigar da motar cikin tarago, kowa yana zaune a kujerarsa, kare yana kwance a ƙasa, bayan minti 35 sai ga Calais.

A Faransa ne na ga hidimar da ta sa irin wannan yawo ya zama na talaka mai fansho. Garuruwa da ƙauyuka masu yawa sun ware fili na musamman don motocin kwana, wasu kyauta, wasu da 'yan yuro kaɗan a dare. A gefe akwai wani ginshiƙi da ake jefa wa tsabar kuɗi ko a sa kati, ya ba da ruwan sha da wutar caji, ga rami mai ƙarfen raga da ake tsayar da mota a kai a saki ruwan wanke-wanke, ga wani mai murfi na juye akwatin masai. Magajin garin ba sadaka yake yi ba, ya san wanda ya kwana zai sayi burodi da safe. Amma lokacin sanyi yana da nasa haraji: manyan sansanonin kwana a rufe suke har bazara, wurare da dama sun kashe famfo don kada ƙanƙara ta fasa bututu, kuma a mashigar wasu filayen bakin ruwa an gicciya ƙarfe a tsayin kusan mita 2 don hana dogayen motoci shiga.

Tekun kanta ba abin wasa ba ce ga wanda ya girma yana kallon Kogin Kaduna daga Gamji. A mashigin Mont-Saint-Michel, tsakanin Normandi da Bretagne, bambancin cikar ruwa da janyewarsa yana kai kusan mita 14, sau biyu a yini, kuma idan ya janye yakan bar yashi na kilomitoci kamar babu teku a wurin. Ana manna jadawalin lokutan a bakin kowace gaɓa, dattijon kuma ba ya kwance wa karen igiya sai ya duba shi, domin a wannan lokaci babu masu gadin ceto a bakin ruwa.

Kada ka ɗauka komai nasu ya fi namu. Tukunyar gas ta Ingila ba ta musanyuwa a Faransa, bakinta ma daban ne, alhali a Kaduna yaro zai kai kowace irin tukunya a auna masa kilo biyu a dawo. Ran da tayarmu ta yi faci ranar Lahadi ce, garin kuma a kulle, sai da muka jira Litinin aka ba mu lokaci a gareji, kuɗin aikin kuwa da a titin Ahmadu Bello ne da ya ishi mai faci cefanen mako. A nan ana biyan lokacin ma'aikaci da tsada, kuma ba ya barin hutunsa don matafiyi. Abin da suka fi mu da shi nesa ba kusa ba shi ne mutum ya kashe inji a bakin hanya inda bai san kowa ba, ya ja labule ya yi barci har asuba. Muna da wuraren da suka cancanci irin wannan yawo, daga madatsar Kangimi zuwa magangarar ruwan Matsirga a Kafanchan, amma kai ma ka san ba za ka bar ƙaninka ya kwana a mota a can ba a halin da hanyoyi suke ciki.

Dawowa ma da nata sharaɗin. Dole likitan dabbobi a Faransa ya ba karen maganin tsila tsakanin awa 24 zuwa awa 120 kafin shiga Ingila, ya rubuta rana da sa'a ya buga hatimi. A Calais ma'aikaciyar ta miƙa wa dattijon na'urar ya goga a wuyan karen da kansa, ta gwada lambar da ta takarda, ta lissafa awannin, sannan ta ba mu shaidar da za mu rataya a gaban mota. Fasfo ɗina bai ɗauki rabin lokacin da na karen ya ɗauka ba.

A gaishe mini da Inna da su Yaya Babba.