Wuƙaƙen yaƙi a kasuwannin Ingila da Jamus

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya. Ka ga hoton tsofaffin wuƙaƙen da nake tarawa, har ka ce in kai a wasa su a kankare tsatsar. To, a wannan harkar wasawa ita ce take kashe wuƙa, shi ya sa na ce bari in zauna in yi maka bayani.

Wadda ta fara shiga raina ita ce Fairbairn-Sykes, wuƙar kwamandojin Birtaniya a Yaƙin Duniya na Biyu. William Fairbairn da Eric Sykes, waɗanda suka yi aikin ɗan sanda a Shanghai, su suka tsara ta, kamfanin Wilkinson Sword kuma ya fara ƙera ta a 1941. Siririya ce mai kaifi biyu, ruwanta wajen inci 7. Ƙira uku aka sani. Ta farko ƙarfen da ke tare hannu a lanƙwashe yake, kuma ita ce mai wuyar samu. Ta biyu nata a miƙe yake, mariƙinta na tagulla mai ƙananan zane. Ta uku, da aka yi da yawa a ƙarshen yaƙin, mariƙinta zobe-zobe ne na ƙarfe mai araha. In ka ga alamar kan kibiya, tambarin kayan gwamnati ne. In kuma an buga sunan Ingila a jikin matarin hannun, yawanci tana cikin rarar da aka sayar wa Amurka bayan yaƙi.

Da kuɗina na koyi sauran. A wata kasuwar tsofaffin kayan soja da ake ci a fili na sayi ƙira ta biyu tana ƙyalli kamar madubi, ina ta murna. Wani dattijo da ya daɗe a harkar ya karɓa, bai ce komai ba, ya ɗora ta a kan kubenta. Ruwan ya gaza kuben tsawo. Tsinin ya taɓa karyewa aka sake fiƙe shi. Sai ya nuna mini notin da ke gindin mariƙin, duk sawun filaya, alamar an taɓa kwance ta, wataƙila ma an haɗa sassan wuƙa biyu. Ba rasit, mai kayan kuma ya naɗe tabarmarsa. Abin ya daɗe yana yi mini ciwo.

Tun daga nan na fi zuwa gidajen gwanjo na Ingila. Kafin ranar gwanjo kana iya neman su rubuto maka yanayin kayan, su ƙara hotuna, su faɗi inda tsatsa ta ci rami da inda ɗinkin kube ya saki. Suna ɗora ladansu a kan kuɗin da ka taya, kuma ladan ba kaɗan ba ne, amma na fi yarda da mai nuna mini aibin kayansa tun ban tambaya ba. Doka a nan da tsauri: ba a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, mai kawo saƙo sai ya ga shaidar shekarunka, kuma yawo da irin wannan wuƙar a titi ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba laifi ne.

Jamus wata duniya ce daban. Solingen garin maƙeran wuƙa ne tun da daɗewa, har gidan tarihi na wuƙaƙe da takubba suke da shi. Kowane kamfani da tambarinsa a gindin ruwan wuƙa: Eickhorn kurege, Alcoso sikeli, WKC kan jarumi da hular ƙarfe. Wuƙaƙen hafsoshin Jamus na zamanin 'yan Nazi, kamar ta sojan ƙasa ta 1935, na ado ne da ake ratayawa a kan kaki, ba a yi su don faɗa ba. Dillalan da na yi hulɗa da su can sun fi na Ingila zurfafa ido. Za su karkata ruwan a gaban fitila su nemi siraran layukan gugar masana'anta da ke ratsa shi a kwance, domin in an taɓa gogewa layukan sun tafi har abada. Da dama suna ba da takardar tabbacin cewa kayan na asali ne, abin da ban cika samu a kasuwar fili ba. Sai dai jabu ya fi yawa a wannan ɓangaren, saboda an shafe shekaru ana kwaikwayonsu har na jabun ma sun tsufa. Dokar ƙasar ta hana baje alamun 'yan Nazi a bainar jama'a, don haka za ka ga an manna takarda a kansu. Ni dai na duba na koyi aikin ido, amma ban saka ko ɗaya a gidana ba. Zuciyata ba ta kwanta da abin da aka aikata a ƙarƙashin alamar nan ba.

Yanzu in wuƙa ta zo hannuna, ƙyalle mai laushi kawai nake sa mata, sai ɗan kakin Renaissance Wax da aka haɗa a gidan tarihi na Birtaniya don irin wannan aiki. Ba na barin ta cikin kuben fata, domin fata tana riƙe laima, ta sa ƙarfe tsatsa, tagulla kuma ta yi kore. Duhun da ka gani a hoton shekaru sama da 80 ne suka yi shi, kuma shi masu saye suke fara dubawa. Waccan mai gajeren tsini tana nan a aljihun tebur, ita nake ɗaukowa in gwada da duk wata sabuwa da aka kawo mini. A gaida mutanen gida.