Shagon kayan jirgi na Apapa: safar hannu ta fanshi kuɗinta, takalmin kuwa sai a hankali

Wata bakwai ke nan da na yi sayayya a wani ɗan shagon kayan jirgin ruwa a Apapa, na ƙi cewa komai a kai sai da kayan suka sha ruwan gishiri tukuna, don a cikin leda kowane kaya kyakkyawa ne. Abu uku na saya, safar hannu ta fata, takalmin aiki mai ƙarfe a baki, da wuƙar igiya.

Ni ƙaramin sojan ruwa ne, ɓangaren aikin saman jirgi, wato mu ne 'yan igiya da anga (ƙarfen da ake jefawa ruwa ya tsayar da jirgi) da fenti. Mutanen gida in ka ce musu kana jirgin yaƙi sai su ɗauka kullum kana maƙale da bindiga, alhali rabin rayuwarka guduma ce a hannunka kana ƙwanƙwasar tsatsa, ka bi da burushin waya, ka shafa jan fenti, kafin ka kai ƙarshen jirgi inda ka faro ya soma wata tsatsar. Tun muna makarantar horo a Onne ake gaya mana hannunka shi ne jarinka, amma ban gane karatun ba sai da tafina ya yi bororo ya fashe ya koma kanta. Ana ba mu kayan aiki, sai dai safar hannu kamar sabulu take, cinyewa take yi, shi ya sa kowa yake da tasa ta ko-ta-kwana.

Shagon ba wani babba ba ne, in mutum uku suka shiga na huɗu sai ya jira a waje, kuma kafin ka isa sai ka ratsa tsakanin tireloli da tankokin mai, wanda ya san Apapa ya san me nake nufi. Ciki warin giris ne da sabuwar igiya, ga nailan an naɗe jibgi-jibgi, ga shuɗiyar nan mara nauyi da take yawo a saman ruwa ba ta nitsewa. Mai shagon dattijo ne, ya ce ya yi shekaru a jiragen dakon kaya, kuma ka ga hannunsa ba sai ya rantse ba.

Na ce Baba safar hannu nake so, na miƙa hannu zan ɗauki wata ƙatuwa mai kauri, sai ya janye ta ya ce igiyar waya za ka riƙe ko ta nailan? Na ce duka. Ya ce to wannan ta yi maka yawa, safar da ta yi wa mutum lako-lako ita take jan yatsa cikin injin naɗe igiya, ya sa na gwada har uku sai da muka samu wadda ta kama ni cif. Gaskiya a lokacin na ɗan ji haushi, na zaci so yake ya tura min mai tsada, ashe ma wadda ya ba ni ta fi waccan sauƙin kuɗi.

To ni jinin dukawa ne, kakana a Kano sana'arsa ke nan, don haka fata ba a yi min rufa-ido da ita. Na murza, na sunsuna, na juya cikin na duba ɗinki. Fatar saniya ce ta gaske ba robar nan da ake yi wa zanen fata ba, an ninka ta a tafi da tsakanin babban yatsa da manuni, daidai inda waya take ci. Ranar da ta biya ni kuwa muna shafa wa igiyar waya giris ne, irin wayar da ta kwana biyu silinta ɗaya-ɗaya yakan karye ya miƙe kamar ƙugiyar kifi, ba ka ganinsa sai dai ka ji shi. Ina jan hannuna a kai sai ji na yi caraf, na duba, fatar ta tsage wajen tsawon ɗan yatsa, ninki na biyu ne ya tare. Da tafina ne tsirara da sai an yi ɗinki, ba ko tantama. Da dare na samu allura da zaren nailan na ɗinke abata, har yau tana aiki.

Amma fa kar wani ya ji haka ya ce ya samu maganin komai. In za mu ɗaure jirgi a jeti, wato matsayar jirgi a bakin ruwa, an wulla siririyar igiya mai dunƙulen ƙulli a baki, na ƙasa sun ja babbar sun zarga a turken ƙarfe, an soma naɗewa a inji, to nan Chif ɗinmu, shugaban aikinmu, idonsa na kan hannun kowa da ƙafar kowa, kar ka taka cikin lanƙwasar igiya, kar ka tsaya saitin da za ta dawo in ta tsinke, domin nailan miƙewa take kamar roba kuma in ta ɓalle ba ta sallama. A wurin safa ba ta da abin da za ta yi maka, wani lokacin ma cire ta nake don in ji motsin igiyar a hannuna. Kuma in ta jiƙe da ruwan teku ta bushe sai ta ƙage kamar kilishin bara. Dabarar gida na yi mata, in ɗauraye da ruwan daɗi, in shanya a inuwa, in murza mata man kaɗanya kaɗan, sai ta dawo hayyacinta.

Takalmin ne ya ba ni kunya. Ƙarfen bakin lafiya lau, an taɓa sakin mahaɗin sarƙa a kan ƙafata ban ji komai ba, amma ƙasansa tauri ne da shi kamar katako. Ranar da muke ɗaga anga ni aka ba tiyo ina wanke sarƙar tana shigowa, kowane yanki ɗaya tsakanin mahaɗi da mahaɗi mita 27.5 ne, kuma duk tsawon nan da baƙin taɓo mai wari take tahowa, ruwa da taɓo da ɗan maiƙo suka haɗu a dandamalin ƙarfe, jirgi ya ɗan yi gefe, sai ga ni zaune daɓas tiyo na feshin sama. Ban ji ciwo ba amma dariyar da aka yi min ta kai sati biyu. A wata na huɗu kuma ya buɗe baki ta gaba, ɗanko ne kawai ashe ba ɗinki. Da muka dawo na kai wa Baban, ya juya shi ya ce wannan na masu aikin gini ne ba na ruwa ba, ranar yaronsa ne ya miƙo min shi yana can yana awon igiya, ya ba ni haƙuri, amma kuɗi kam ba a mayarwa, sai dai ya sa aka like min kyauta. Na karɓi haƙurin don ba yadda zan yi, yanzu takalmin fenti ya zama in muna jeti.

Wuƙar ba ni da ƙorafi sosai. Mai naɗewa ce, gefe ɗaya kaifi ɗaya gefen tsinken ƙarfe kamar basilla, da shi ake kwance ƙullin da ya cije, da shi kuma ake buɗa silin igiya in za a saƙa mata ido. Tana da huda ta zura igiya ka ɗaure a ƙugu, wannan ba ƙaramin abu ba ne, duk abin da ya suɓuce maka a gefen jirgi ya tafi ke nan. A gadin dare na sha biyu zuwa huɗu na asuba na taɓa kwance wani ƙulli da ita da lalube, ba fitila. Maganar wai ba ta tsatsa dai a bar ta, mahaɗinta ya yi ja tun wata na biyu, ɗigon mai take so duk sati.

Farashin Baban ya ɗara na kasuwa kuma ba ya son ciniki, in ka taya ƙasa sai ya ci gaba da aikinsa kamar ba da shi kake ba. Yana karɓar tiransfa amma ka riƙe tsabar kuɗi saboda netwok, kuma ka je da safe don yamma na yi yake rufewa. Zan koma ƙarshen wata in ƙaro safa biyu, ɗaya tawa ɗaya ta wani yaron Funtuwa da aka kawo mana kwanan nan, in ka je ka tarar Baban ba ya nan yaron ne kaɗai, ka nemi benci ka jira shi.