Kunnensa ya san inji, amma bakinsa bai san kwanan wata ba

Mutum uku ke nan suna tambayata yadda muka ƙare da ustan nan, wato babban bakaniken da ya buɗe injin motata a layin masu gareji na Gadarif, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta.

Motar Bedford ce mai silinda shida, irin wadda a nan Sudan ake ce wa Sifinja. Gadonta na yi wajen mahaifina, Allah ya jiƙansa. An daɗe da daina ƙera irinta, amma har gobe ita ke kwaso ridi da dawa daga gonakin da sababbin motoci ke tsoro. Bara ta fara shan baƙin mai kamar shayi, da asuba sai an yi ta lallashi kafin ta tashi, salansa na fitar da shuɗin hayaƙi. Ranar da muka taso daga Fot Sudan da kaya, a hawan dutsen Akaba da ke kan hanya har jaki zai iya wuce mu. Wani bakanike ya ce famfon gas ne, aka cire, aka gyara, aka sa sababbin nozul, na biya, hayaƙi yana nan daram.

Sai aka nuna mini wannan dattijo, Bahaushe ne, iyayensa mutanen Mairuno, garin Hausawa da Fulani a nan Sudan. Abin da ya yi a rabin awar farko shi ya sa har yanzu nake jin nauyin zaginsa. Bai taɓa sifana ba sai da ya tsaya bayan motar ya kalli hayaƙin. Ya ce, "Ɗana, wa ya ce maka famfo ne? Baƙin hayaƙi shi ne gas ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Wannan shuɗi ne, mai take ƙonawa." Ya buɗe murfin zuba mai inji na aiki, ya kama hannuna ya ɗora a bakin. Iska mai zafi na bugun tafina kamar zuga-zugin maƙeri. Daga nan ya bi bututun nozul yana sassauta su ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya sassauta sai inji ya yi tuntuɓe, da ya zo kan na biyar ko gezau, ashe wannan silindar ta daɗe da yin ritaya. Sannan ya zare robar da ta taso daga matatar iska, ya zura yatsa ya fito da shi da ƙura dumu-dumu. Robar ta tsage ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Ban san tsawon lokacin da injina ya yi yana haɗiyar ƙurar Gadarif ba.

Da aka sauke kan injin, duk abin da ya faɗa haka aka tarar. Ring ɗin fistan na biyar ya karye gida biyu, saman silindar ya yi gaɓa har farce na kamawa, metal, wato abin da kiranshaf ke juyawa a kansa, shi ma ya cinye jan ƙarfensa ya fito. Ya ce sai cikakkiyar amra. Mutanen Najeriya kada ku ɗauka Makka za a kai ta, haka ake kiran sabunta inji a nan. Aka kai bulok da kiranshaf wajen masu gogewa, na tura kuɗin kaya ta Bankak, manhajar banki ta waya. Ba sai na faɗi nawa ba, kun san yadda kayan gyara suka koma tun da yaƙi ya ɓarke a 2023.

To a nan zancen ya canza. Kwana goma ya ce mini, da bakinsa. Sati biyar motar ta yi a kan duwatsu. Yau gasket bai iso ba, gobe mai gogewa ba wuta, jibi an yi rasuwa. Na yarda wasu uzurin gaskiya ne, amma da idona na ga an gama motoci biyu da suka zo bayana. Kakar ridi ta shiga, abokan aikina na ta jigila zuwa kasuwar amfanin gona, ni ina zaune kan tsohuwar taya ina shan jabana, wato gahawa. Wanda na saba ɗauko wa kaya shekara da shekaru ya nemi wata mota, kuma bai dawo ba.

Ranar da na karɓa, ko garin Shuwak da ke kusa da Gadarif ban kai ba allurar zafi ta haye. Na tsaya, ruwan lagireto na tsiyaya, yaransa ba su ɗaure kilif ɗin robar ƙasa ba. Da dare ne ban lura da allurar ba, da sabon inji ya tafi a banza. Na kira shi raina a ɓace, abin da ya ce kawai, "Ai ka san sha'anin yara, ɗaure ka zuba ruwa." Ko sannu babu.

Injin dai yanzu bugu ɗaya yake tashi, hayaƙi ya ɗauke, mai bai ragu ba. In dai gano ciwo ne, ku je, ban ga kamarsa ba. Amma kada ku kai masa mota ana gab da kaka. Ran Asabar zan koma ya sake ɗaure kan injin ya saita bawul, kuma da sifanata zan tafi, in bi kowane kilif da hannuna kafin in fita.