Kafin ka zuba jikkunanka a kayan tsoffin sojoji

Wani ƙanena ya turo min foto a WhatsApp, wai an kawo mishi medayi biyu da banati ɗaya (wuƙar nan da ake ɗaurawa a bakin bindiga) da wani takobi da aka ce na yaƙin Tirmini ne, wanne zai saya tunda kuɗin nashi ba za su kai duka ba. Na ce dakata tukun, don ni an taɓa cina a wannan harkar.

Mu fara da takobin tunda shi ke saurin ɗaukar ido. Nan Damagaram kowa ya san labarin, 1898 aka kashe Kyaftin Kazamaju na Faransa zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, 1899 Faransawa suka dawo aka gwabza a Tirmini. To shi ya sa duk dillalin da ya samu ƙarfe mai tsatsa sai ya ce maka na Tirmini ne ko na dakarun Tanimu, tsohon sarkin Damagaram, wallahi in aka tara takubban da ake cewa na Tirmini ne sai sun fi mayaƙan da suka je yawa. Nawa da na saya shekarun baya, wani tsohon maƙeri na kai ma, ya juya shi sau biyu ya ƙwanƙwasa da farce ya yi dariya ya ce yaro wannan ai sifirin mota ne aka buge, aka binne cikin ƙasa mai gishiri ya kwana biyu. Ya nuna min tsatsar, ja ce ɗanya tana goguwa a yatsa, ita kuwa ta tsufa baƙa ce ta shige jikin ƙarfen, sannan fatar kuben har lokacin warin jima take. Takobi ba ya da lamba ba ya da takarda, in ba gidan da aka gaje shi ka sani ba, ka bar shi kawai.

Banati ya fi sauƙin ganewa don kayan masana'anta ne. Na bindigar Gras ta 1874 akwai rubutu a bayan ruwan, sunan garin da aka ƙera shi kamar Saint-Étienne da wata da shekara, na Lebel ta 1886 kuma siriri ne dogo mai kusurwa huɗu kamar tsinke. Duba lambar da ke jikin banatin da ta kube, in sun zo ɗaya kuɗinshi ya ƙaru, in sun bambanta an haɗa ne daga baya. Amma fa makami ne, kuma yanda ƙasa take yanzu ba abun da za ka ɗaura bayan moto ka bi ta shingen jandarma ba ne. Tsohuwar bindiga, harsashi, kakin soja na yanzu, waɗannan ko kyauta aka ba ka kar ka karɓa.

Medayi kuma nan ne mutane ke ruɗewa, suna zaton tunda ta shekara ɗari to zinariya ce. A'a. Croix de guerre, medayin jarumta ta Faransa da aka ƙirƙiro 1915, tagulla ce da takubba biyu gicciye, a baya za ka ga 1914 da wata shekara kusa da ita, daga 1915 har zuwa 1918, ƙyallenta kore da jan zane, ta 1939 kuma ja da kore. An raba ta ba adadi, ita kaɗai ba ta da wani tsada ko a Faransa. Medayi koloniyal ta 1893 ta fi ba ni sha'awa, azurfa ce, ƙyalle shuɗi da fari, kuma ƴar sandar da ke maƙale a ƙyallen tana faɗin inda mutum ya yi aiki, kamar Sahara ko Afirka ta Yamma. Ka tafi da maganaɗisu a aljihu, in ya kama to ba azurfa ba ce ba tagulla ba ce. Ka duba gefenta da kyau, ta jabu zubi ce, za ka ga layin haɗi da ƴan ramuka kuma haruffan sun narke kamar sabulu, ta gaskiya bugu ce rubutunta tsaf. Kuma dan Allah kar ka goge ta da toka ko lemun tsami don ta yi ƙyalli, ka rage mata daraja ne da hannunka.

Matsalar medayin Faransa ba a buga sunan mai ita. Na Ingila na yaƙin duniya na farko da kan tsallako daga wajen Kano suna da suna da lambar soja a jiki, amma na yaƙi na biyu irin tauraron yaƙin ƙasar Bama (Burma) yawanci ba suna, shi ya sa kwafinsu ya cika gari.

To abun da na ce ma ƙanen nawa shi ne ya koma ya tambaya ko akwai takarda. Ɗan littafin nan na soja, libire militer, mai sunan mutum da garinsu da matirkil, wato lambarshi ta soja, da ranar da aka ɗauke shi, ko katin ansiyan kwambata, wato tsohon soja, ko foto da jar hula da alamar anka ta jirgin ruwa a maɓalli. Medayi ɗaya da littafin mai ita ta fi min medayi goma zube a faifan dillali a kasuwar Dole, don ka san na waye, ka san daga wane ƙauye aka kwashe shi. Kuma irin wannan a hannun iyali ake samu, cikin tsohuwar adaka a unguwar Birni ko Zango. Sai dai ka ji tsoron Allah, wani lokacin yunwa ce ta sa aka fito da kayan kaka, kar ka taya wulaƙanci, kuma ka tabbatar duk magada sun yarda kar gobe a kai ka fada.

Na Facebook kuwa, in mai kaya ya ƙi turo foton baya da na gefe, ko ya ce sai ka fara tura kuɗi, rufe hirar.

Ƙanen nawa ya koma, ashe ɗaya medayin akwai littafinta a gidan, kusurwa ɗaya gara ta ci amma sunan da shekarar 1940 suna nan. Ita ya saya, takobin yana can wurin dillali an ce yanzu na Tanimu ne.