Kyautar tausa da ta ci mini dala ashirin

Ƴan uwana mata na Tawa, ina gaisuwa. Masu tambayar kafaɗar nan, da sauƙi, kuma labarin sauƙin ne zan ba ku, don har yanzu abin yana cina.

Kun san sana'ata a nan Greensboro kitso ce. Kai ɗaya sai ya ci awa shida ko bakwai, kina tsaye, hannuwa a sama, wuya a karkace. Dab da Kirsimeti wata baƙar fatar Amurka da nake yi wa kitso ta ga ina ta murza kafaɗa, sai ta kawo mini kati cikin ambulan, ta ce ta biya mini tausar awa ɗaya, dalar Amurka 100. Sama da jika hamsin ta sefa ke nan, don kawai a matsa wa mutum jiki! Da kuɗin ta ba ni a hannu da tuni sun kwana a Tawa. To kati ne, ba ya komawa kuɗi, sai na shirya na tafi.

Gaskiya a faɗe ta, wurin ya burge ni. Kafin a taɓa ki sai an ba ki takarda kin cika: ina ke ciwo, kina da ciki, kina da hawan jini, akwai man da jikinki ba ya so. Tun a waya an tambaye ni mace nake so ko namiji, na ce su rufa mini asiri su ba ni mace. Gadon ɗumi gare shi. Ta fita ta ba ni wuri na kimtsa, ta ƙwanƙwasa kafin ta dawo, kuma duk jikina a lulluɓe, sai inda take aiki kawai take buɗewa. Takardar izininta na rataye a bango, don a nan ba a wayi gari a ce an zama mai tausa. Galibin jihohi sai an yi karatun awa 500 ko fiye, a New York ma 1,000. Ta samo wani ƙulli ƙarƙashin allon kafaɗata da ni kaina ban san da zamansa ba, ta yi ta bin sa da gwiwar hannu har na ji hawaye.

Na fito jiki sakayau, na miƙa katina ga yarinyar da ke kan tebur, ina shirin cewa na gode in kama hanya. Sai ta juyo mini da wata ƴar na'ura mai allo, tana murmushi. Gurbi uku manya: kashi 18, kashi 20, kashi 25 cikin ɗari. Can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe sai kin ƙura ido, inda za ki danna in ba ki bayarwa. Na ce mata ai an biya. Ta ce eh, an biya aikin, wannan tukuicin mai tausa ne, ba ya cikin kati, kuma a kan cikakken farashi ake lissafa shi. Da murya ta faɗa, ba raɗa ba. Mata biyu na bayana suna jira, ita kuma mai tausar ga ta tsaye da kofin ruwa ta kawo mini.

Ku gaya mini, ƴar Adar za ta danna "ba na bayarwa" alhali matar da ta gama murza mata baya tana kallon yatsanta? Na danna ashirin. Sama da jika goma, kuɗin da na ware na cefanen sati.

Ba ashirin ɗin ce ta ƙona mini rai ba, matar ta ci fiye da haka. Yadda aka karɓa ne. Mu mun san yaba kyauta tukuici, amma mai bayarwa ke yanke abin da ya sawwaƙa, ya dunƙule a hannu ya miƙa ba wanda ya gani. A nan an yanke miki, an rubuta, an haska a allo, an tsayar da shaidu. Suna cewa ba dole ba ne. Dole ce mana, kawai dai ba ɗan sanda ke karɓa ba, kunya ke karɓa.

In kin bi diddigi kuma sai ki tarar masu shago ne suka sauke nauyinsu a kanmu. Mafi ƙarancin albashi a dokar tarayya dala 7.25 ne a awa, tun 2009 bai motsa ba. Amma ma'aikacin da ake ba tukuici, kamar masu kai abinci tebur, doka ta yarda a biya shi dala 2.13 kawai, kuma wannan adadin tun 1991 yake nan. An ce in tukuici bai cike giɓin ba mai gida ya cike. Jiharmu ta Carolina ta Arewa a kan haka take, su California ne suka ƙi, suka ce a biya cikakke. Masu tausa ba lallai a kan wannan albashin suke ba, amma su ma dala ɗarin nan ba aljihunsu take shiga ba, shago ke ɗaukar kaso mai tsoka. Ƴan uwanmu da ke Faransa sun huta da wannan lissafi, tun 1987 farashin da aka rubuta a gidan abinci da ladan hidima a ciki, in kin bar ƴan canji alherinki ne.

Ni ma fa da shi nake rayuwa, kada ku ce na ɓoye. Kuɗin kitso rabawa muke da mai shago, tukuici kuwa nawa ne ni kaɗai. Wadda na yi wa yini guda a kai ta tashi ta ce "ya yi kyau" ta fice, har dare ina jin haushinta. Shi ya sa ban iya zagin al'adar gaba ɗaya.

Masu shirin zuwa, ku riƙe wannan. Mai tausa, mai aski, mai gyaran farce, mai kitso, direban tasi, mai kai abinci tebur: kashi 15 zuwa 20, yanzu ma ashirin ɗin ta fi yawa. In da hali a ba su tsaba a hannu. Likita, nas da mai gashin ƙashi a asibiti ba a ba su ko sisi, za su ma ji wani iri. Ma'aikacin gwamnati kuwa kada ki kuskura, sunan abin ya canja, kotu ce. Maganar ta yi girman da har siyasa ta shiga: a watan Yulin 2025 Trump ya sa hannu a dokar da ta yafe harajin kuɗin shiga na tarayya a kan tukuici har dala 25,000 a shekara, zuwa 2028, ga mai takardu.

Tun ranar nake tuna gida. A kasuwar Tawa mai saye ake yi wa gyara, ki auni tiya a ƙara miki da hannu, ki sayi tumatir a ɗora miki biyu. Nan shekara da shekaru ko albasa ɗaya ba a taɓa ɗora mini ba, sai ma haraji da ake ƙarawa a wurin biya bayan farashin da kika gani. Wannan kam ina kewarsa.

Amma mu ma sai a hankali. Tsohuwar da za ta yi wa mai jego wanka safe da yamma kwana arba'in, tana tsugune gaban ruwan zafi, tana gasa ta tana tausa, me muke ba ta? Turmin atamfa mai araha da sabulu, wani gidan ma sai "Allah ya ba da lada". Ranar suna kuwa, a gidan nan dai, jika-jika ake liƙa wa maroƙa don an ambaci kakan da ba wanda ya taɓa gani. Mai kitso ta kwana a zaune daren salla, a ce mata "sai na aiko", aiken da ba ya zuwa. Mai yankan farce ya duƙa a ƙafar alhaji, alhajin na jiran canjin sefa 25. Wanzami ya yi ƙaho, maɗori ya yi ɗori, duk "abin da ya sawwaƙa", kuma kullum abin da ke sawwaƙa kaɗan ne. Goron da muke bayarwa da sauri shi ne na mai zama bayan tebur, tun kafin ya taɓa takardar, wanda ga albashi yana ci. A Yamai na ji an buɗe wuraren gyaran jiki na zamani, kuma waɗanda ke biya can ba ciniki su ne ke ja-in-ja da dattijuwar unguwa a kan sefa 500.

Don haka, ƙannena da ke gida, a nan nake faɗa gaban kowa don kada a ce ba a ji ba. Cikin kuɗin da na turo wannan watan, jika biyar ta Baba ce, mai zuwa tausa wa Inna ƙafa da dare. Ba na katin waya ba ne, ba na man babur ba. A kai mata har ɗaki, a ba ta a hannu ba a gaban mutane ba, kuma ranar Juma'a in na kira Inna da bakinta zan tambaye ta.